Babi na Huɗu: Sha'irin Sulobeniya da Fuskar Aro

Duk wanda ya taɓa zama cikin jama'a ana kallon fim ɗin da aka ce an ɗauko shi daga rayuwar wani mashahurin mutum, lalle ya ji tambayar nan da kan fito daga bakin wani tun ba a watse ba: wai shin haka aka yi da gaske, ko kuwa masu fim ne suka ƙara gishiri? Tambaya ce mai kan gado, domin mai kallo yana da hakkin ya san inda tarihi ya tsaya da inda hikaya ta soma. Sai dai amsarta ba ta samuwa da "i" ko "a'a", balle idan wanda aka yi fim ɗin a kansa sha'iri ne, wanda mafi girman aikinsa ya gudana tsakanin ƙirjinsa da takarda, a inda babu shaidar da ya halarta.

Don mu bi mas'alar daki-daki, za mu ɗauki misali daga wata ƙaramar ƙasa ta Turai, wato Sulobeniya, inda a shekarar 2002 aka fitar da fim mai suna Pesnikov portret z dvojnikom, wanda Franci Slak ya ba da umarninsa, Pavle Ravnohrib kuma ya fito a matsayin France Prešeren, babban sha'irin ƙasar. Aikin ya samo asali ne daga wani jerin shiri na talabijin da aka yi don cikar sha'irin shekara 200 da haihuwa.

Ƙasar da harshenta

Sulobeniya tana tsakanin Italiya da Ostiriya da Hungari da Kuroshiya, mutanenta ba su wuce miliyan biyu da 'yan kai ba, kuma ba ta zama ƙasa mai cin gashin kanta ba sai a 1991, lokacin da ta ɓalle daga Yugoslabiya. A zamanin Prešeren, wanda aka haifa ranar 3 ga Disamba, 1800, a ƙauyen Vrba, ƙasar tana ƙarƙashin sarakunan gidan Habsburg na Biyana, in ban da 'yan shekarun nan daga 1809 zuwa 1813 da Faransawan Napoliyon suka riƙe wani ɓangare nata. Jamusanci ne harshen ofis da kotu da makarantar gaba da majalisar attajirai. Harshen Sulobeniya kuwa, ko da yake an buga littafin farko da shi tun 1550, ana ɗaukarsa harshen manoma da barori, wanda ya isa a yi wa'azi da shi ko a rubuta littafin addu'a, amma bai isa ɗaukar nauyin balaga mai zurfi ba.

Wanda ya san yadda Nana Asma'u, wadda suka yi zamani ɗaya da shi, ta riƙa tsara waƙa da Fulatanci da Hausa alhali Larabci yana hannunta, ba zai rasa fahimtar matsayin Prešeren ba, ko da yake niyyarsu ta bambanta: ita karantarwa ta nufa, shi kuwa so yake ya tabbatar da cewa harshen uwarsa zai iya ɗaukar kowane irin tsari mai wuya da Italiyawa da Jamusawa suke alfahari da shi. Har ma da wasu abokansa, irin su Stanko Vraz, suka karkata ga ra'ayin a bar ƙaramin harshen a rungumi harshe guda na adabi ga dukan Silabawan kudu, shi ya ƙi.

Fuskar da babu wanda ya zana

Abu na farko da fim yake ba mai kallo shi ne fuska, kuma a nan ne wahalar ta soma. Ba a san wani hoton Prešeren da aka yi yana raye ba. Zanen da aka fi dogara da shi, wanda daga gare shi ne mafi yawan sauran suka tsiro, wani mai zane da ya san shi, Franz Kurz von Goldenstein, shi ya yi shi a 1850, shekara guda bayan rasuwar sha'irin, daga abin da ya iya tunawa kawai. Abin mamaki, garin Kranj da Prešeren ya ƙare kwanakinsa a ciki shi ne mahaifar Janez Puhar, limamin cocin da ya ƙago wata hanya ta ɗaukar hoto a kan gilashi a farkon shekarun 1840. Amma Allah bai ƙaddara fasahar ɗan garin ta adana kamannin baƙon garin ba.

Saboda haka duk fuskar da aka sa wa Prešeren tun daga wancan lokaci, ko a takardar kuɗi ta tolar 1,000 da ƙasar ta yi amfani da ita bayan samun mulkin kai, ko a kan tsabar yuro biyu tun 2007, ko a jikin tagullar da ke tsaye a tsakiyar birnin Ljubljana, fuska ce da wani ya yi ijtihadi ya ƙaddara masa. Idan kuwa haka ne, Pavle Ravnohrib bai ƙwace wa kowa kamanni ba da ya ara wa sha'irin tasa fuskar. Ya shiga sahun masu ƙiyasi ne da suka gabace shi. Sai dai akwai bambanci guda da ya kamata a lura da shi, shi ne cewa zane yana tsaye wuri ɗaya, kowa ya dube shi ya san aikin hannu ne, alhali fuskar ɗan wasa tana motsi, tana fushi, tana zubar da hawaye, har mai kallo ya fita yana jin kamar ya yi ido huɗu da mamacin. Ƙarfin fim ke nan, kuma hatsarinsa ke nan.

Abin da takardu suka tabbatar

Akwai ƙashin bayan labarin da ba a jayayya a kansa, domin rajistar coci da ta makaranta da takardun hukuma sun adana shi. Ɗan manomi ne mai rufin asiri. Mahaifiyarsa ta so ya zama limamin coci kamar wasu daga cikin danginsu, aka tura shi karatu tun yana yaro, ya bi ta Ribnica da Ljubljana har ya kai jami'ar Biyana, inda ya saɓa wa burin gida ya karanta shari'a, ya sami digirin dakta a 1828. Ya komo Ljubljana ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin wasu lauyoyi, mafi tsawo a ofishin Blaž Crobath. Sau biyar yana neman izinin buɗe nasa ofishin ana hana shi, sai a 1846 aka ba shi, a Kranj, lokacin da ƙarfinsa ya riga ya soma ƙarewa. A ƙarshen shekarar nan aka buga diwaninsa, Poezije, wanda ke ɗauke da shekarar 1847 a bangonsa. Ya rasu ranar 8 ga Fabrairu, 1849, yana da shekara 48, da ciwon hanta wanda shan giya ya jawo masa.

Mutuwar abokai ma tana cikin tabbatattun abubuwa. Matija Čop, masanin harsuna da adabi wanda ya nuna masa tsare-tsaren waƙa na sauran al'ummun Turai kuma ya zame masa madubi, ya nutse a kogin Sava a 1835. Andrej Smole ya bi shi a 1840. Ga Čop ne ya sadaukar da doguwar ƙasidarsa ta 1836, Krst pri Savici, wadda ta ba da labarin wani jarumin maguzawan ƙasar na ƙarni na takwas da aka ci da yaƙi, masoyiyarsa ta karɓi addinin Kirista, shi ma daga bisani ya sallama aka yi masa baftisma a gindin ruwan Savica.

Wannan duka mai fim zai iya ɗauka ba tare da fargaba ba. Amma takardar hukuma tana cewa an hana mutum izini, ba ta faɗin yadda ya karɓi labarin, ko wa ya fara gaya wa, ko da wane harshe. Mu tuna kuwa cewa yawancin wasiƙun Prešeren da Jamusanci ya rubuta su, har da wasu waƙoƙi. Duk wata magana da ta fito daga bakin ɗan wasa a irin wannan wuri, marubucin fim ne ya saƙa ta.

Asabar ɗin nan a cocin Trnovo

Yanzu mun zo gaɓar da ta fi daɗin ji, wadda kowane ɗan makaranta a Sulobeniya ya sani. An ce ranar Asabar ta jajiberen Ista, 6 ga Afrilu, 1833, Prešeren ya shiga cocin Trnovo a Ljubljana, idonsa ya faɗa kan Julija Primic, 'yar wani gidan attajirai mai shekara goma sha shida, kuma daga ranar bai sake samun kansa ba. Shekara ba ta zagayo ba, a watan Fabrairu na 1834, ya fitar da Sonetni venec, aikin da ake ƙirgawa cikin ƙololuwar fasaharsa.

Ya kamata mu tsaya mu dubi ginin wannan aiki da kyau, domin a nan ake gane ko wane irin magini ne. Soneti waƙa ce mai ɗango goma sha huɗu da ƙafiya ƙayyadadda. Prešeren ya jera guda goma sha huɗu, ya sa ɗangon ƙarshe na kowace ya zama shi ne ɗangon farko na mai bi mata, ta ƙarshen kuma ta rufe da ɗangon da ta farkon ta buɗe da shi, kamar 'ya'yan carbi da ke bin juna a zare ɗaya har su komo wurin limaminsu. Sa'an nan ya tattara waɗannan ɗangogi goma sha huɗu suka zama waƙa ta goma sha biyar mai cikakkiyar ma'ana, wadda idan aka karanta haruffan farko na ɗangoginta daga sama zuwa ƙasa sai sunan yarinyar ya bayyana. Malamin da ya taɓa yin tahmisi ya san azabar ɗaure kai da ɗangon da aka riga aka kafa. To wannan ɗauri uku ne a kan juna, cikin harshen da ake cewa na barori ne. Sakamakonsa a gari kuwa bai yi wa sha'irin daɗi ba, gama bayyana sunan 'yar mutane a bainar jama'a ya ɓata wa gidansu rai, ita kuma ba ta taɓa karkata gare shi ba. A 1839 ta auri wani jami'in shari'a mai suna Scheuchenstuel.

To, ina aka samo labarin cocin? Daga bakin sha'irin ne da kansa, a cikin wata sonetinsa inda ya ambaci shekara da rana da wurin. Ga kuma abin da zai sa mai hankali ya ɗan dakata: Petrarka, sha'irin Italiya wanda duk mai tsara soneti a Turai yake ɗauka shaihinsa, ya ce shi ma a coci ya fara ganin masoyiyarsa Laura, a birnin Abinyon, a makon Ista, ranar 6 ga Afrilu, 1327. Coci da coci, mako da mako, rana da rana. Mai yiwuwa ne ƙaddara ta yi wannan dace; mai yiwuwa kuma almajiri ne ya daidaita labarinsa da sunnar shaihinsa, kamar yadda sha'iran Larabawa suka yi ƙarnoni suna buɗe ƙasida da kuka a kufan masoyiya, har da waɗanda ba su taɓa kwana a hamada ba. A takarda, mai karatu yana iya riƙe ihtimali biyun nan tare. Kyamara ba ta da wannan sarari: in ta nuna coci, dole ƙofa ta buɗe, dole yarinya ta shigo, dole mutumin ya ɗaga kai, kuma da zarar an ga haka da ido, abin da yake wataƙila adon balaga ne ya zama waƙi'a.

Ruwayar 'ya

Akwai wata mace ta biyu wadda ba a sa sunanta cikin haruffan kowace waƙa ba, ita ce Ana Jelovšek, 'yar talakawa da ke aiki a gidan Crobath, wadda Prešeren ya nema tun tana yarinya ƙarama, ga shi ya ba ta fiye da shekara ashirin. Ta haifa masa 'ya'ya uku ba tare da aure ba, aka ba da su riƙo, kuma bai aure ta ba har ya mutu. Wannan ba abin da za a yi wa kwaskwarima ba ne, kuma a ganina duk fim ko littafin da ya tsaya kan Julija ya ratse Ana, ya bar tarjama ya koma manaƙibi.

Mafi yawan abin da aka sani na halinsa a cikin gida ya zo ne ta hannun 'yarsa Ernestina, wadda aka buga littafin tunawarta da shi a 1903. Amma a duba sanadin: an haife ta a 1842, tana da shekara shida uban ya rasu, don haka galibin abin da ta rubuta daga uwarta ta ji shi, matar da ke da dalilin ƙauna da dalilin ɗaci gaba ɗaya, kuma an rubuta shi bayan shekaru masu yawa, lokacin da sunan mutumin ya riga ya zama tutar al'umma. Irin wannan ruwaya ba a yar da ita, ba a kuma haɗiye ta ɗungum. Haka nan labaran da ke yawo a bakin mutane, irin na ɓauren da yake raba wa yara a titi har suka yi masa laƙabi da shi. Suna da daɗi, suna kuma zama a fim daram, amma darajarsu ba ta kai ta rajistar coci ba.

Abin da kyamara ba ta kamawa

Idan aka tambayi dalilin da ya sa al'umma guda ta mai da ranar mutuwar wannan mutum, 8 ga Fabrairu, ranar al'adunta ta ƙasa, ta kuma sa wa babbar lambar yabonta ta fasaha sunansa, ba za a ce don ya so yarinya ta ƙi shi ba, ko don ya sha giya. Waɗannan ana samunsu a kowace unguwa. Dalilin shi ne abin da ya yi wa harshe, kuma wannan shi ne ainihin abin da ya fi wuyar nunawa. Mutum yana zaune, alƙalami a hannu, yana soke kalma yana sa wata, yana auna kari a zuci: minti biyu na wannan ya isa ya sa 'yan kallo hamma. Shi ya sa fina-finan sha'irai a ko'ina suke gangarawa wajen soyayya da maye da rigima da hukuma, su bar aikin da ya sa aka san mutumin a gefe.

Ga mai kallo baƙo kuma akwai ƙarin hijabi, domin ko an karanta waƙar a fim, fassarar da ke gudana a ƙasan allo ma'ana kaɗai take kawowa, ƙafiya da kari da zaƙin lafazi sun zube a hanya. Misali, Prešeren ya tsara gazal bakwai da aka buga a 1833, tsarin da asalinsa na Larabawa ne, Farisawa irin su Hafizu suka ƙawata shi, sha'iran Jamus suka ɗauko shi daga fassara, sa'an nan ya iso hannun ɗan manomin Vrba. Wanda ya san gazal zai so ya ji yadda maimaicin nan na ƙarshen ɗango yake sauka a kunnen Basulobene, amma rubutun ƙasan allo ba zai ba shi ba.

Rigima da hukuma ita ce ta fi sauƙin ɗauka, kuma a nan tarihi ya yi wa mai fim karamci. A 1844 ya tsara Zdravljica, waƙar gaisuwar mashaya a zahiri, har an jera ɗangoginta su yi siffar kofi, amma a baɗini kira ce ga 'yancin al'ummarsa da zumunci tsakanin al'ummai. Mai tace littattafai na daular ya soke wani baiti, shi kuwa ya gwammace ya cire ta ɗungum daga diwanin da a buga ta guntuwa. Sai da juyin watan Maris na 1848 ya kawar da dokar tacewa, sa'an nan ta fito a jarida a watan Afrilu, saura wata goma ya rasu. Baiti na bakwai na wannan waƙa, wanda ke fatan ranar da maƙwabci zai daina zama abokin gaba, shi ake rerawa yau a matsayin taken Sulobeniya, da sautin da Stanko Premrl ya sa masa a 1905.

Tagulla da tsoka

Darajarsa ba ta tabbata yana raye ba. Sai a 1866, da Josip Stritar ya rubuta muƙaddima ga sabon bugun waƙoƙinsa, aka soma ɗora shi a matsayin da yake a yau, har aka kai ga kafa mutum-mutuminsa a 1905, aikin Ivan Zajec, wanda bishof na birnin ya yi tir da shi saboda siffar mace marar sutura da aka ɗora bisa kansa a gaban coci. A jikin wani gini da ke fuskantar dandalin da aka kafa mutum-mutumin an manna siffar Julija, don tagullarsa ta riƙa dubanta dare da rana. Ta Ana kuwa babu.

Wannan shi ne nauyin da Slak, wanda ya rasu a 2007, ya ɗauka da ya yarda ya yi fim a kan mutumin da jama'arsa suka haddace tun suna firamare: kowane ɗan ƙasa ya shigo kallo da nasa Prešeren a ka, wani na tagulla, wani na mashaya, kuma duk wanda aka nuna, wani zai ce ba shi ba ne. Amsar tambayarmu ta farko, ke nan, hawa uku ce. Shekaru da wurare da littattafai, haka aka yi. Al'amuran zuciya da na cikin gida, haka aka ruwaito, kuma masu ruwayar suna da nasu dalilai. Fuska da murya da kalmomin hira kuwa, na masu fim ne, kuma ba laifi ba ne a gare su muddin ba su sayar da ƙiyasi da sunan shaida ba. Mai kallon da ya iya rarrabe hawan nan uku zai ci moriyar fim ɗin ba tare da an yaudare shi ba.

A babi na gaba za mu bar duwatsun Turai mu nufi Delhi, wurin wani sha'irin da ya yi zamani da Prešeren, ya kuma fi shi sanin gazal nesa ba kusa ba, wato Mirza Galib, wanda aka haifa a 1797 ya rasu a 1869. Shi an ɗauki hotonsa yana raye, kuma fim ɗin da Sohrab Modi ya yi a kansa a 1954 ya bi wata hanya dabam ta warware matsalar da muka gani a nan: ya sa aka rera baitocin da kiɗa, yadda masu kallon fina-finan Indiya suka saba.